Shaida a Bangon Masaukin Sawakin

Dogon Dutsi, 7 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga ɗiyata Zalihatu, matar Mani, a Sawakin ta ƙasar Sudan, ta hannun mai kantin bakin gada.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ƙaramar Kubra, da dukan mutanen Arewa da kuke tafiyar hajji tare. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu, wadda ba ta sake hali ba tun da na aje aikin Travaux Publics, ma'aikatar hanyoyi da gadoji ta gwamnati. Mahaifiyarki Umma ta zo daga Tibiri ranar kasuwa. Na karanta mata takardarki, ta sa na maimaita wurin da kika ce Kubra ta ga teku ta tambaya wa ya cika tafkin.

Kafin in shiga magana: ba ki sa kwanan wata ba. Shekarun da kika yi a gidana ina koya miki rubutu, ban taɓa barin ki fara takarda babu kwanan wata ba. A gyara.

Kin ce jirgin ruwa ba zai fara ɗaukar alhazai zuwa Jidda ba sai bayan azumi, kuma kun sami masauki kyauta a wani tsohon gini na zamanin Turkawa. Ga yadda na fahimci siffarsa. Ƙofa ɗaya ce tak, mai baka na dutse, wadda raƙumi da kayansa zai shige ba tare da ya durƙusa ba. A ciki akwai fili mai faɗi da rijiya. Ɗakunan ƙasa babu taga, na sama kuwa suna buɗewa kan baranda mai kewaye filin, kuma a saman kuke. Maƙwabcina Ambroise, wanda muka yi aikin gadoji tare, ya aro mini wani littafi a mishan. Littafin ya ce Turkawa sun mulki garin ɗaruruwan shekaru, kuma irin wannan gini zango ne na fatake: kaya da dabbobi a ƙasa, masu kaya a sama, a rufe ƙofa kowa ya huta. Ya ce da aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa a arewa, attajirai suka kwashe suka bar gidajensu. To, ginin da ba shi da mai shi, ba shi da mai gyara. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Kin ambaci wata tsaga a bangon ɗakinku, kika wuce ta kamar kina ba da labarin kyanwa. Ni ba zan wuce ta ba. Ki amsa mini waɗannan, ɗaya bayan ɗaya. Da wane irin dutse aka yi bangon? Tsagar a tsaye take ko a karkace, kuma ta fi faɗi a sama ko a ƙasa? Da me aka yi rufin? In kin ƙwanƙwasa itacen, yana amsawa da ƙarfi ko kamar ganga?

Sannan ki yi abin da muke yi wa gada in mun yi shakkar ta. Ki kwaɓa farar ƙasa da kauri, ki liƙa ta faɗin tafin hannu a kan tsagar, ta kama gefe da gefe, ki bar ta ta bushe. Mu muna kiran wannan témoin, wato shaida. Ki duba ta kowace safiya. In ta tsage, bangon yana tafiya, kuma ba a kwana a ɗakin da bangonsa ke tafiya. In abu ya taɓa faruwa, ku nufi ƙarƙashin bakan ƙofa. Shi ne ƙarshen abin da zai faɗi.

Littafin ya ce ruwan garin a lokacin sanyi yake sauka, ba kamar namu ba. Ki gaya wa Mani ya kula da rufin kafin ruwa ya zo.

Ki gaishe da Liman Sambo, jagoranku.

Ni ne kawunki,
Mahmuda

*

Sawakin, 4 ga Nuwamba, 1962

Zuwa ga Kawu Mahmuda,

Gaisuwa da girmamawa. Ga kwanan wata nan a sama, kada a sake yi mini faɗa daga nisan duniya. Muna lafiya. Kubra ta yi zazzaɓi amma ta tashi. Ina tuya a bakin ƙofa, kuma ni ke dafa wa mutanenmu na sama abincin rana a tukunya ɗaya. Mani yana dakon ruwa. A gaishe da Innata Umma, a ce mata gishiri ya yi mana yawa, har a cikin iska.

Ga amsoshinka. Dutsen daga cikin teku aka ciro shi. Fari ne, duk huji-huji kamar soso, in ka kankare shi da farce sai ya zuba. An jera katako a cikin bangon, layi-layi, daga ƙasa har sama. Mai gadin gidan, wani tsoho da ba ya gani sosai, ya ce kakansa ya ga lokacin da raƙuma ke cika filin nan da hauren giwa da ƙaro, har a rasa wurin taka ƙafa. Ya ce katakon ma jirgi ya kawo shi daga ƙasashen gabas. Tagogin, Kawu, da ka gan su! An sassaƙa su kamar saƙar faifai, sun turo waje, mace na zaune ciki tana kallon titi ba mai ganin ta. Iya Ajuma ta Kiyeshe ta kama ɗaya mai kallon teku. Can take wuni da tasbaha, ta ce tana jin ƙamshin Makka daga nan.

Tsagar a karkace take, ta fi faɗi a sama, yatsana biyu na shiga. Itacen rufi na ƙwanƙwasa da muciya. Wasu sun amsa, wasu kam ganga ne, har gari ya zubo mini a ido.

Amma ka kwantar da hankalinka, an kula da rufi yadda ka ce. Da na karanta wa Mani saƙonka sai ya ce, “Kin ji ko? Tsoho ya san aiki.” Ya tara mazan Kiyeshe da na Tibiri, suka yi gayya kamar a gida. Da jakai suka ɗebo laka daga kwari, suka kwaɓa da ciyawa, suka ɗora wa rufin ɓangarenmu gaba ɗaya, kaurin taki guda, suka daɓe shi lif. Indararon ma da suka karye sun toshe ramukansu don kada ruwa ya bi bango. Larabawan unguwa suna ta kallo, mai gadi yana ta faɗa da hannu, amma ba mu jin yarensa in ya yi sauri. Liman Sambo ya ce kunya ce ta kama su, baƙi sun zo sun gyara musu gida.

Da lakar da ta rage suka bi duk tsagogi suka yaɓe. Shaida uku na liƙa, biyu sun tafi ƙarƙashin yaɓe kafin in hawo daga wurin tuya. Ta ukun na tsaya a gabanta. Mani ya ce, “Ke Zalihatu, bango tsirara a ɗakin matar aure?” Na ce, “Na Kawu ne, in ka isa ka rubuta masa.” Ya yi dariya ya bar mini. Lafiyarta lau har yau.

Abu ɗaya ne sabo. Ƙofar ɗakinmu ta fara cijewa, sai Mani ya sa kafaɗa take rufuwa. Ya ce danshin teku ne.

Ɗiyarka,
Zalihatu

*

WAYA. DOGON DUTSI ZUWA SAWAKIN. 27 NUWAMBA.
KU SAUKA DAGA BENE YAU. KADA KOWA YA HAU RUFI. MAHMUDA

*

Dogon Dutsi, 27 ga Nuwamba, 1962

Zalihatu,

Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya. Ki gafarta mini gajerar gaisuwa.

Na buga miki waya yanzu. Ma'aikacin gidan waya ya ce bai taɓa aika saƙo can ba, bai kuma san inda zai tsaya ba, don haka nake bin ta da wannan.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Da na ce a kula da rufin, ina nufin a duba itacen daga ƙasa, a tokare wanda ya ruɓe, a buɗe hanyar ruwa. Na rubuta kalma ɗaya inda ya kamata in rubuta layi biyar, kuma na rubuta ta ga mutanen da tun suna yara, in an ce a kula da soro, ƙasa suke ɗorawa. Mani bai yi kuskure ba. Abin da ubansa ke yi ya yi.

Ki saurare ni da kyau, ki karanta wa maza wannan a tsaye. Soronmu azarar giginya ke ɗauke da shi, gajeriya, a kan bango mai kauri wanda ƙasa ɗaya ce da rufin. Naku katako ne dogo, wanda ya tsufa, kuma ke da kanki kin ji shi yana amsawa kamar ganga. Ni da Ambroise mun zauna mun auna nauyin laka kaurin taki a kan ɗaki irin naku. Kamar an hau da shanu an tsayar da su a kanku ne. Wannan tana bushe. In ta sha ruwa nauyin zai ƙaru, kuma kun toshe indararo, ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikinta. Dutsen da kika ce yana zuba da farce shi ma zai sha. Ba zai yi yoyo ya gargaɗe ku ba, Zalihatu. Abin da ke ba ni tsoro ke nan: aikin nasu mai kyau ne, ɗigo ɗaya ba zai sauko ba.

Ƙofarki ba danshi ke cije ta ba. Abin da ke samanta ne ya fara zama a kanta.

Kada a ce za a hau a kwashe lakar. Nauyin mutum goma a kai zai iya ƙarasa aikin. Ku sauko. Ku kwana a fili, ku kwana a titi, ku koma sansanin alhazai ko da akwai cunkoso da zazzaɓi. In Liman Sambo ya ƙi, ki ce masa ni Mahmuda na ce ran duk wanda ke benen nan yana wuyansa, da nawa. In Mani ya ƙi, ki ɗauki Kubra ki sauko ke kaɗai, ni zan amsa maganar a gaban danginsa.

Ki amsa ranar da wannan ta same ki, ko da layi ɗaya ne.

Mahmuda

*

Dogon Dutsi, 13 ga Janairu, 1963

Zuwa ga ɗiyata Zalihatu,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki da rai da lafiya. Gwiwata ta yi sauƙi, ko kuwa na daina jin ta, ban sani ba.

Ban sami amsa ba. Duk ranar da motar wasiƙu ta zo daga Yamai ina tsaye a gidan waya kafin a sauke buhu. Ma'aikacin ya kai ga girgiza mini kai tun daga nesa, don ya rage mini tafiya.

Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya fito daga gabas ya ce ya ji a tasha an yi ruwa mai yawa a bakin Bahar Maliya. Na tambaye shi wane gari, wane wata, wa ya gaya masa. Bai san ko ɗaya ba. Na yi masa faɗa a gaban mutane, abin da bai cancanta ba, daga baya na bi shi na ba shi haƙuri.

Umma ta sake zuwa. Ta tambaye ni ko akwai takarda, na ce hanya ce da nisa. Ta dube ni ta ce, “Yaya, ka rame.” Na ce tsufa ne. Ta zauna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, tana lissafa abin da za ta dafa ranar da za ku dawo, ni kuwa ina zaune ina kallon rufin zaurena. Na kasa gaya mata. Me zan ce? Ban san kome ba. Abin da na sani nauyin laka ne kawai.

Ambroise yana zuwa kullum da la'asar. Ya ce ya ga gine-ginen da lissafi ya ce su faɗi, suka ƙi. Na ce na gan su ni ma, amma ban taɓa sa ɗiyata a ƙarƙashinsu ba. Ya ce ya sa ku a addu'arsu ta Lahadi. Na gode masa.

Na zana masaukin naku a takarda bisa ga bayaninki, ina ta neman ta inda mutum zai fita daga baranda in tsakiya ta karye. Ba ki gaya mini inda matakala take ba. Ni kuma ban tambaya ba.

In wani ne ba Zalihatu ba ke karanta wannan, ina roƙonsa don Allah ya nemi mai jin Hausa, ya rubuto mini gaskiya ko wace iri ce.

Mahmuda

*

Sawakin, 3 ga Fabrairu, 1963

Zuwa ga Kawu Mahmuda,

Gaisuwa da girmamawa, da barka da shan ruwa. Ina da rai. Kubra tana da rai. Mani yana da rai, kafaɗarsa ta dama ta karye amma an ɗaure. Na fara da wannan don ka zauna.

Wayarka da takardunka biyu jiya na karɓe su tare. Mai kanti ya yi tafiya wurin 'yan'uwansa ya bar kantin a rufe. Ni kuma ban rubuto ba don ina jinyar Mani.

A tsakiyar Disamba ruwa ya zo, ranar Lahadi, ba da ƙarfi ba, yayyafi mai naci. Maza suna ta murna, ko ɗigo bai sauko ba. Larabawa na tara kwanoni a gidajensu, mu muna bushe. Da safiyar Litinin na duba shaida yadda na saba. Na ga layi siriri kamar gashi. Na goge idona, na kira Mani. Ya ce farar ƙasa ce ta ji sanyi. Kafin hantsi na sa tsinke ya shige. Sai ga yashi yana sauka a kan kunun Kubra, a hankali, ba ya tsayawa.

Kawu, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ba ƙara, ba motsi, kowa na harkarsa, ni kaɗai nake jin kamar rufin yana numfashi.

Na bi ɗaki-ɗaki ina cewa a sauka. Liman Sambo ya ce, “Ɗiyata, mu bar inuwar da Allah ya ba mu mu shiga ruwa, don ɗan farin tabo a bango?” Wani ya ce, “Rufin da muka daɓe da ƙafafunmu?” Matan suka ce in sha ruwa in kwanta.

Sai na tuna tukunya tana hannuna. Na goya Kubra, na sauke tukunyar daga murhu, na kai ta har ƙarƙashin bakan ƙofa inda ka ce. Na tsaya na ɗaga murya na ce, “Yau a nan ake rabo. Wanda bai sauko da ƙwaryarsa ba, ba aike, ba ajiya.” Suka sauko suna zagina. Liman ya ce zai haɗa ni da kai. Na ƙi zuba wa kowa sai na ƙirga kawuna.

Mutum ɗaya babu. Iya Ajuma tana azumin Litinin, tuwona bai da abin da zai ce mata.

Mani ya dubi fuskata, bai yi gardama ba, ya hau. Ina jin sa daga ƙasa yana cewa, “Iya, zo in goya ki.” Ina jin ta tana cewa, “Bari in kai ƙarshen tasbaha, ɗan nan.” Sai wani abu ya yi ƙara kamar an karya rake, ɗaya, sannan da yawa. Ɓangarenmu duka ya zauna, daga rufi har ƙasa. Bakan ƙofa ya girgiza, ya zubo mana gari, amma ya tsaya.

Mani a bakin matakala aka same shi, katako a kafaɗa. Iya Ajuma sai da la'asar aka kai gare ta. An yi mata sutura a nan, kusa da teku. Allah ya jiƙanta.

Na karanta abin da ka rubuta game da kalma ɗaya. Na karanta wa maza a tsaye, ko da yake lokaci ya wuce. Daga baya Mani ya ce in gaya maka shi ya ɗebo lakar. Liman Sambo ya ce in gaya maka shi ya hana sauka. Ni kuwa abin da zan ce, mutum ashirin da wani abu suka ci tuwo a ƙarƙashin bakan nan saboda ɗan farin tabonka.

Mutanen Iya a Kiyeshe ba su sani ba. Babu mai karatu a gidansu.

Yanzu muna bayan gari, a rumfar tabarma da muka kafa da sanduna. In an yi ruwa muna jiƙewa. Kubra ba ta yarda ta shiga kowane gini, ko masallaci. Jirgi bayan salla, in Allah ya yarda.

Ɗiyarka,
Zalihatu

*

Dogon Dutsi, 24 ga Fabrairu, 1963

Zuwa ga ɗiyata Zalihatu,

Bayan gaisuwa, alhamdu lillahi. A tsaye na karanta layinki na farko a gidan waya, sauran sai da ma'aikacin ya ba ni kujerarsa. Na aika wa Umma saƙo ta bakin wanda na yarda da shi, kuma zan je da kaina bayan salla. Ki gaishe da Mani. Kada ya ɗaga kome da hannun nan, ko buta, sai mai ɗori ya sallame shi.

Kiyeshe na je jiya a amalanke. Ambroise ya ce a aika yaro da takarda, na ce wannan ba saƙon takarda ba ne. Na gaya wa ɗan Ajuma yadda abin ya faru tun daga farko, har da layin da na rubuta, ban rage ba. Sai ya tambaye ni ko tagar da take zama gabas take kallo. Na ce teku kika rubuta tana kallo, kuma tekun gabas yake. Ya ce to.

Game da rumfarku, na jera tambayoyi huɗu a wata takarda: irin sandunan, zurfin raminsu, igiyar da aka ɗaure, da ta inda iska ke bugowa. Na yage ta. In rufin nan ya faɗo, Kubra ma za ta iya ɗaga shi.

Ku jiƙe, Zalihatu. Ku zauna a ƙarƙashinsa har jirgi ya zo.

Ni ne kawunki,
Mahmuda